Hoto Ɗaya na Gwaggo Zuwera

Duk unguwar an san ba a ɗaukar Gwaggo Zuwera hoto. A Salaga ta ƙasar Ghana take, a tsohon gidan kakanninta fataken goro, kuma in ana suna ko biki ta ga yarinya ta ɗaga waya, sai ta ja mayafi ta rufe fuska har a sauke. Ba don tana ganin abin haram ne ba. Abin da aka yi wa wata ƙawarta ne ya tsaya mata a rai. Matar ta rasu da safe, kafin a dawo daga maƙabarta fuskarta ta zaga wayoyin gari an liƙa mata furanni a gefe, daga baya aka buga ta a riguna, samari suna buga ƙwallo da ita a ƙirji. Tun daga nan Gwaggo ta ce ita ba za ta yi yawo a aljihun kowa ba. Hoton da ke katinta na ɗan ƙasa kuwa, cewa take yi ba ita ba ce, wata baiwar Allah ce da rana ta dafa a layi.

Samiratu, 'yar ƙaninta da ta raina tun tana rarrafe, malamar firamare ce, kuma tana da wata cuta da mutanen gidan suka gaji da nema mata magani, wato tsohuwar kyamara mai fim. A Tamale ta tsinto ta wajen masu kayan gwanjo, baƙa, nauyinta ya kai na doya guda. Kowa na riƙe da waya mai ɗaukar hoto ɗari kafin ka yi atishawa, ita kuwa sai ta tsaya tana murɗa nan tana murɗa can, ta danna sau ɗaya, sannan ta ce sai wata mai zuwa za a gani. Yayanta Faruq, mai sayar da doya, ya ce ko dai aljanu ne ko rashin aikin yi.

Ba ita kaɗai cutar ta kama ba. Akwai Wahabu a Yendi, mai shagon kifi da kaji na firij, wanda ya toshe tagar wani ɗaki a bayan shagon ya mayar da shi wurin wanke hoto. Akwai kuma Zakir, dillalin albasa a Bawku. Su ukun nan suke haɗa kai a sayo fim daga Kumasi a doguwar naɗi guda, Wahabu ya shiga duhu ya yayyanka, yana aunawa da faɗin hannuwansa, ya naɗa a tsofaffin gwangwanayen fim. Gwangwanayen ba sa samuwa yanzu, saboda haka ba a fasa su. In ka gama ɗauka ba za ka naɗe fim ɗin ya shige ciki gaba ɗaya ba, sai ka bar harshensa a waje don Wahabu ya samu abin ja. To amma sabon fim ma harshensa a waje yake. Shi ya sa suka kafa doka: wanda aka gama, a lanƙwasa masa harshe. Zakir ma cizo yake yi, ya ce haƙori ya fi yatsa amana. Miƙaƙƙen harshe sabo ne, lanƙwasasshe an ɗauka, kuma a firij ɗin Wahabu kowanne da robarsa.

Wata Juma'a da yamma Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana kallon Samiratu na goge gilashin kyamarar da bakin zane. Ta daɗe tana kallo kafin ta yi magana.

"Wannan naki, in kin ɗauka ina yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina, Gwaggo. Yana cikin gwangwani har a wanke, a buga a takarda."

"Takarda nawa?"

"Yadda aka so. In ɗaya aka ce, ɗaya."

Gwaggo ta tauna goronta ta tofar. "To ɗaya. Ki sa a ƙasan akwatinki. 'Ya'yanki su san akwai wadda ta sha wahalar uwarsu."

Samiratu ba ta tsaya tambayar dalili ba, don ta san in ta tambaya za a fasa. Gwaggo ta shiga ɗaki ta yafo farin mayafinta na Idi, ta zauna a kujera a bakin zaure, ta ɗaure fuska kamar mai jiran wanda ya yi mata laifi. Samiratu ta juya kyamarar a tsaye, ta matso, ta ja da baya, ta murɗa, ta sake murɗawa.

"Ke, ki danna mana! Ƙafata ta mutu."

Ta danna. Gwaggo ta miƙe ta koma ciki, ba ta ko waiwaya ba, kuma ba ta sake tayar da zancen ba.

Fim ɗin ya kusa ƙarewa dama. Washegari Samiratu ta ƙarasa shi da tulin doyar Faruq da akuyarsa, ta naɗe. Sayibu direba, wanda ke kai doya Yendi ta hanyar Bimbilla, yana ƙofar gida yana ta danna ham kamar gobara ta tashi. Ta ƙulle gwangwanin a hankici, ta ruga ta miƙa masa ta taga, ta ce a ba Wahabu. Ba ta lanƙwasa harshen ba. Abin da ta manta ke nan, kuma ba wani babban aiki ba ne, yatsa biyu ke yin sa.

Ba ta damu da jinkiri ba, domin Wahabu ba ya haɗa maganin wanki sai fina-finai sun taru, tunda in an haɗa shi ba ya jimawa yake lalacewa. Makonni suka wuce. Ana cikin haka wata safiya Gwaggo ta sunkuya za ta ɗauki buta, ta faɗi. Aka kai ta asibiti a Tamale, aka dawo da ita da rai, amma ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Hannun ya zama kaya, ƙafar sai an ja. Bakin ya karkace ya zubo gefe guda, idon hagu ya sauka, maganar ta yi nauyi kamar mai tuwo a baki, ko da yake wanda ya saba da ita yana ganewa.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, don Gwaggo ta yi wa mutane da yawa rana. Kowa ya shigo da sallamarsa da fara'arsa, sai ya kalle ta, fara'ar ta ɗan yi tuntuɓe kafin ya gyara. Gwaggo ba ta rasa hankalinta ba, tana ganin wannan tuntuɓen duk lokacin da aka yi shi. Wata rana bayan ɗaki ya watse ta kira Samiratu da hannun dama.

"Hoton nan."

"Na'am, Gwaggo."

"Kawo shi. Mutanen nan suna shigowa suna neman wata a fuskata. Ina so in ga wadda suke nema."

Samiratu ta fita tsakar gida ta buga wa Wahabu waya. Ta ce ya haɗa magani ko don fim ɗinta kaɗai, ita za ta ɗauki asarar sauran. Wahabu ɗan zangon Yendi ne, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Ya ce ba komai, bari ya duba. Ta ji ƙarar buɗe firij, ta ji ana kwasar gwangwanaye.

"Madam Samira, na duba roba na wanki. Naka ba shi nan kraa, ko alama."

"Mai koren tef ne a jiki. Sayibu ya kawo."

"Sayibu ya kawo, Shakira ya karɓa, ni ina Tamale ranar." Ya rufe firij ɗin. "Madam, ka lanƙwasa shi?"

Ranar nan ta dawo wa Samiratu a ido. Ta ga hankicin, ta ji ham ɗin Sayibu, ta ga hannunta yana miƙawa ta taga. Shakira, matar Wahabu, ba ta yi laifin komai ba. An koya mata doka, ta ga miƙaƙƙen harshe, ta sa a robar sababbi. Zakir kuma ya biyo ta Yendi ranar kasuwar da ta wuce ya ɗebi guda biyu daga robar nan ya tafi da su Bawku.

Wanda bai san fim ba zai ce to mene ne, a karɓo mana. Matsalar ita ce fim ba ya gardama. Duk hasken da aka ba shi karɓa yake yi ya ɗora a kan na baya, ba ruwansa da cewa wuri ya riga ya cika. In Zakir ya sa shi a kyamara, to duk abin da ya ɗauka a kan na Samiratu yake sauka.

Ta buga wa Zakir, ya ɗauki waya cikin hayaniyar kasuwa, ana jin masu dako suna ihu a bayansa.

"Madam, ya ne? Kore? Tsaya in duba aljihu. A'a, na aljihu ba shi da tef. Chale, abokina, kore ɗin yana ciki kyamara."

"Zakir, don Allah kada ka ƙara dannawa."

"Ai yanzu-yanzu na danna ɗaya, waya yana ƙara ina dannawa."

"Lambar nawa ta nuna?"

"Talatin da ɗaya."

Lambar ba ta gaya mata komai ba. Abin ƙirgen kyamararta ya daɗe da maƙalewa, abin da ta sani kawai shi ne Gwaggo tana can wajen ƙarshe. Kuma ƙarshen fim ɗin Wahabu ba wanda ya san inda yake sai an je shi, tunda da hannu yake aunawa, ran da ya ci ya ƙoshi hannun ya fi buɗewa. Wataƙila Zakir bai kai wurin ba. Wataƙila ya wuce.

Zakir ya ce zai ba wani direba ya kai Yendi. Samiratu ta ce fim ɗin nan ba zai sake hawa mota shi kaɗai ba. Ta nemi izini a makaranta, ta bar Gwaggo a hannun Anisatu matar Faruq. Da ta shiga yin sallama cewa kawai ta yi za ta je karɓo hoton, ba ta ƙara ko kalma ba. Faruq ya raka ta tasha yana mita, wai daga Salaga har Bawku saboda gwangwanin da bai kai na tumatir ba. Duk da haka shi ya nema mata kujerar gaba.

Tafiya ce mai karya baya, Tamale, Bolga, sannan Bawku. Ta kwana a wajen 'yar'uwar Zakir, da safe aka kai ta kasuwar albasa. Zakir ƙato ne mai yawan dariya, amma ranar ya taho yana sunkuyar da kai, ya rungumo kyamarar a cikin tawul kamar jinjiri, ko da yake ba shi ya yi kuskuren ba. Ya yi ta tambayar jikin tsohuwa, ya yi addu'a, ya sake tambaya.

"Me ka ɗauka a kai?" in ji Samiratu.

Ya nuna da haɓa. Can a fili mata sun baje albasa a kan fararen buhuna tana shan iska, ja jawur, tana ƙyalli.

"Na ƙarshen duka nan ne. Albasa ɗin ya yi kyau paa ranar, kyau sosai."

"Da wane lokaci?"

"Tsakar rana."

Samiratu ta dubi fararen buhunan. Da a inuwa ya ɗauka, ko a cikin rumfa, da akwai wuraren duhu da fuska za ta iya leƙowa. Rana tsaka a kan farin buhu ba ta barin komai. Ba ta faɗa ba, shi ma ya sani, don ya daina kallonta. Ya kai kyamarar kusa da kunne yana naɗewa a hankali, yana saurare, har ya ji fim ya saki. Ya buɗe, ya zaro gwangwanin mai koren tef, ya kai baki ya gartsa wa harshen cizo, ya miƙa mata da hannu biyu. Haushi da dariya suka taso mata tare, ba ta yi ko ɗaya ba. Da za ta hau mota ya biyo ta da ƙaramin buhun albasa, ya ce a yi wa tsohuwa miya. Ba yadda za ta yi ta ƙi, haka ta ɗora shi a cinya har Yendi.

Ta isa da azahar, rana na dukan kwano. Shakira ta taso tana ba da haƙuri, Samiratu ta ce ai ita ce da ba da haƙuri, ta sauke mata albasar. Ɗakin Wahabu ƙarami ne, an rufe ƙofarsa da barguna biyu, warin kifi da na magani sun haɗu sun zama abu guda. Ruwan famfo a wannan zafin dafa fim yake yi, saboda haka Wahabu ya fasa ƙanƙara daga firij ɗin kaji yana jefawa a bokiti, yana tsoma ma'aunin zafi yana cirewa har ya gamsu. Ya kashe fitila, cikin duhu ta ji yana jawo fim ɗin yana naɗawa a faifai, ta ji ya rufe tanki. Ya kunna wuta, ya riƙe kwalbar maganin bai zuba ba.

"Madam, kai za ka zaɓa. In Zakir ya taka wurin, haske ya yi yawa, sai in rage lokaci, ko a ga wani abu kaɗan-kaɗan a ƙarƙashi. In bai taka ba kuma na rage, tsohuwa zai fito fari-fari, ba ƙarfi. Sau ɗaya ake yi."

Samiratu ta dubi tankin. Baƙin roba ne kawai, ba ya nuna komai.

"Ka wanke shi yadda za ka wanke hoton Gwaggo in ba abin da ya same shi."

Ya zuba. Ya riƙa juya tankin yana ƙwanƙwasa shi a tebur, ya zubar, ya zuba wani, ya ɗauraye. Wahabu mai surutu ne, amma a kan aikin nan ko tari ba ya yi. Daga ƙarshe ya buɗe, ya warware fim ɗin yana ɗiga, ya maƙale shi a igiya da abin shanya, ya ɗaga bargo ɗaya haske ya shigo.

Suka fara dubawa daga sama. Salaga da Bawku sun cakuɗe. Yaran ajinta suna tsaye a cikin garken shanu. Masallacin unguwarsu yana ɗauke da motar kaya a kan rufinsa. Wahabu yana bi da yatsa a gefe yana sauka, ita tana bin yatsan. Can ƙasa sai cakuɗar ta tsaya, hotuna biyu na ƙarshe suka fito tas. Tulin doya ne da akuyar Faruq, akuyar har gashin gemunta ana ƙirgawa. Hoton da ke samansu shi ne na Gwaggo, kuma ya yi baƙi ƙirin da yawan haske.

Zakir ya taka wurin, har sau biyu. Hotunansa ba su zauna daidai kan nata ba, sun ɗan goce, saboda haka ɗaya ya ci daga haɓa zuwa ƙasa, ɗayan kuma, na ƙarshen, wanda ya danna waya tana ƙara, shi ya ci daga hanci zuwa sama. Samiratu ta zauna a kan akwatin kifi. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta yi ta tunanin da ma ranar nan ta buga wa Zakir waya kafin ta sha ruwa, kafin ta sa takalmi, kafin komai, ta san ba amfani kuma ta kasa dainawa.

Wahabu ya matsa kusa da fim ɗin. Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya kafa ido a wurin, ya daɗe.

"Tsakani biyu ɗin akwai layi," in ji shi. "Inda kyamara ɗin Zakir ya tsallake. Wurin nan haskensa bai taɓa ba. Bari ya bushe mu buga."

Da fim ya bushe ya sake rufe ƙofa, ya kunna jar fitila, ya sa shi a injin haskawa, ya shimfiɗa takarda mafi girma da yake da ita. Ya tsoma ta a faranti yana girgizawa. Samiratu ta sunkuya. Farin mayafin ya fara bayyana a gefe da gefe, sannan albasa ta taso, ɗaruruwa, a kwance a karkace, da bakin buhu da ƙafar wani mai dako. Inda goshi da idanu ya kamata su kasance albasa ce. Inda wuya yake albasa ce. A tsakiya kuwa, daga gefen takarda zuwa gefe, wani siririn layi mai faɗin yatsa biyu ya fito da tsabta, kuma a cikinsa bakin Gwaggo ne, daidai, ba karkata ko kaɗan. Dariya yake yi, wushiryar a buɗe, da ɗan ramin da ke kumatun hagu.

Samiratu ba ta san da dariyar nan ba. Irin kyamararta, daidai lokacin da aka danna madubin ciki yake ɗagawa, idon mai ɗauka ya yi duhu na ɗan ƙiftawa, saboda haka abin da fim ya gani shi kaɗai ne mai ɗauka bai gani ba. Ita fuska a ɗaure ta bari, fuska a ɗaure ta tarar. Ashe a tsakani tsohuwar ta saki, bayan ta gama faɗan ƙafarta.

Wahabu ya ɗauraye takardar ya shanya. Yana goge hannu ya ce akwai abin da ake yi da waya yanzu, a ɗauki wannan a haɗa da hoton kati, na'ura ta cike sauran fuskar, ba wanda zai gane. Samiratu ta ce Gwaggo za ta gane. Ta ce kuma sharaɗin da aka yi da ita ke nan tun farko, ba waya. Wahabu ya ɗaga kafaɗa, ya nemo kwalin kaji mai tsabta ya yanka biyu, ya sa hoton a tsakiya don kada ya lanƙwashe a mota.

Washegari bayan la'asar ta shiga gida. Anisatu ta tare ta a tsakar gida ta ce tun jiya Gwaggo ke tambaya, ko koko ba ta sha kirki ba. Samiratu ta wanke fuska, ta tsaya a ƙofar ɗakin da kwalin a hannu. A mota ta shirya maganganu iri-iri, cewa bai bushe ba, cewa magani ya ƙare, cewa sai wani mako. Da ta ɗaga labule ta ga tsohuwar an jingina ta da matasai tana kallon ƙofa, duk suka watse.

Ta durƙusa ta gaishe ta. "Gwaggo, na ɓata shi. Na yi sakaci, wani ya ɗauki hoto a kansa. Fuskar ba ta fito ba."

Gwaggo ta dube ta da idon da ke buɗe sosai. "Kawo."

Samiratu ta ɗora faifai a cinyarta, ta zare hoton ta shimfiɗa a kai. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Ta juya takardar gefe da hannun dama, ta sake juyo ta.

"Albasa ce?"

"Ta Bawku ce, Gwaggo."

"Ta nuna." Ta ɗan ja numfashi. "Ni ina ina?"

Samiratu ta sa yatsa a kan layin. Gwaggo ta kai fuska kusa, ta janye, ta sake kaiwa. Albasar ta yi yawa, tana janye ido. Sai ta ɗora tafin hannunta na dama ta rufe ƙasan hoton, daga haɓa zuwa ƙasa. Ta dubi hannun hagu da ke kwance a kan zane, kamar za ta aike shi, sannan ta dubi Samiratu.

"Ara mini naki."

Samiratu ta miƙa hannu ta rufe saman. Tsakanin hannuwan biyu babu sauran albasa, sai bakin kaɗai. Ana jin Anisatu tana daka a waje. Gwaggo ta daɗe tana kallo, yawu ya taru a gefen bakinta bai dame ta ba.

"Wa ya ba ni dariya?"

"Ban sani ba, Gwaggo. Ban gani ba."

"Haka nake yi?"

"Haka kike yi."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Aka yi sallama a zaure, muryoyin mata, wasu 'yan dubiya ne. Anisatu ta leƙo ta ce mutanen unguwar gabas ne, a shigo da su? Samiratu ta yunƙura za ta ɗauke hoton ta gyara mata mayafi.

"Su jira," in ji Gwaggo, ba ta ɗago ba. "Ke kuma kada ki ɗauke hannun tukuna."